Yadda muka gyara takardar sallamar surukina daga sojan Amurka

Duk wanda ya yi aikin soja a Amurka, ranar da zai ajiye kaki ana miƙa masa takarda guda mai suna DD 214. A cikinta ake rubuta ranar da ya shiga, ranar da ya fita, muƙaminsa, irin sallamar da aka yi masa, da lambobin yabon da ya samu. Da ita ake neman magani a asibitin 'yan mazan jiya, da ita ake neman rancen sayen gida, kuma ranar da rai ya yi halinsa da ita iyali za su nemi tuta da allon kabari. Abin da bai shiga cikinta ba, a wurin gwamnati bai faru ba.

Surukina, mahaifin matata, baƙar fata ne ɗan Amurka. An ɗauke shi aikin soja na tilas a 1967, ya sauka Biyetnam a watan Maris na 1968, ya baro a Maris na 1969. Yana cikin runduna ta 25 ta sojan ƙasa, wadda ke da babban sansaninta a Cu Chi, arewa maso yamma da Saigon, babban birnin Biyetnam ta Kudu a lokacin. Bayan ya dawo da 'yan shekaru ya musulunta, ya canza suna. Ba mutum ne mai son zancen yaƙi ba. Abin da ya tayar da maganar shi ne wani ƙaramin akwati da 'yarsa ta samu a ɗakinsa lokacin da za su tashi daga tsohon gida. A ciki akwai lambar yabo mai ƙyalle kore da fari, wadda ake kira Army Commendation Medal. Muka duba takardar sallamarsa, babu ita. Sai na ce masa, "Baba, ita wannan fa?" Ya ce an maƙala masa ita ana saura 'yan kwanaki ya baro Biyetnam. Daga nan ya naɗe ƙafar wando ya nuna tabo a ƙwaurinsa, ya ce wannan ma ba a rubuta ba.

Aikin ya faɗo kaina ne don ni ne mai haƙurin cike fom a gidan. Akwai kunyar surukuta, ba na iya tsare dattijo da tambaya kamar ɗan sanda, don haka muka raba: matata ke tambaya, ni ina rubutawa.

Mataki na farko ba neman gyara ba ne. Neman fayil ɗin ne gaba ɗaya. Fayilolin tsofaffin sojoji suna ajiye a wata babbar ma'ajiyar takardu ta gwamnatin tarayya da ke St. Louis, a jihar Misuri, kuma ana nema da fom mai suna SF 180 ko ta intanet. Tsohon sojan da kansa zai sa hannu. In ya rasu, sai makusancinsa: matar da ba ta sake aure ba, ɗa, 'ya, uba, uwa, ko ɗan'uwa na jini, tare da shaidar rasuwa. Suruki irina ba ya cikin lissafi, aikina rubutu kawai. A fom ɗin sai ka faɗa a fili cewa fayil ɗin duka kake so, in ba haka ba kana iya samun kwafin DD 214 ɗin da kake da shi a hannu.

Abu biyu suka kusa ɗaure mana kai tun a layin farko. Na ɗaya suna. Sunan da ya yi aiki da shi ake rubutawa, ba sunansa na yanzu ba, sai a haɗa da takardar kotu ta canjin suna don a gane mai sa hannun shi ne mai fayil. Na biyu lamba. Kafin 1 ga Yuli 1969 sojan ƙasa na Amurka yana da lambarsa ta aiki daban, sai daga ranar aka koma amfani da lambar ɗan ƙasa ta Social Security. Ta Baba ta fara da haruffan US, alamar wanda aka ɗauka tilas ke nan. Masu shiga da ƙafarsu tasu tana farawa da RA. Har yau yana iya karanto ta ba gargada, alhali lambar wayarsa sai ya duba.

Da yawa sun tsorata mu da zancen gobara. Gaskiya ne, a ranar 12 ga Yuli 1973 wuta ta tashi a ma'ajiyar, ta cinye fayiloli tsakanin miliyan 16 zuwa 18. Amma ɓarnar ta fi faɗawa kan sojan ƙasa da aka sallama daga 1912 zuwa farkon 1960, inda kusan kashi 80 cikin ɗari suka salwanta, da wani kaso na sojan sama har zuwa 1964. Wanda ya fita a 1969 kamar Baba, nasa na nan. Mai neman na kakansa da ya yi yaƙin duniya na biyu ko na Koriya shi ne zai sha fama, don sai an harhaɗa masa daga takardun albashi da na asibiti. Wannan ya tuna mini da namu kakannin da suka je Bama ƙarƙashin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma. Littafin sallamar nawa kakan gara ce ta cinye shi a cikin adaka, ba mu da wata ma'ajiya da muka sani da za mu rubuta wa.

Da fayil ɗin ya iso, muka kai wa jami'in taimakon 'yan mazan jiya na ƙaramar hukumarmu. Irin waɗannan jami'ai suna nan a yawancin ƙananan hukumomin Amurka, haka ƙungiyoyin tsofaffin sojoji irin su American Legion da VFW da DAV suna da nasu, kuma kyauta suke aiki. Kada ka ba kowa kuɗi kan wannan. Mutumin ya shimfiɗa takardun a tebur ya raba su kashi uku, kuma wannan rabon shi ne abin da ya fi komai amfani a gare ni cikin aikin gaba ɗaya. Lambar da ta ɓace a takarda ba iri ɗaya ba ce, kuma kowace da ƙofar da ake ƙwanƙwasa mata.

Kashi na farko, lambar da aka bayar da umarni a rubuce amma ba a buga ta a takardar sallama ba. Ta cikin akwatin nan ke nan. A soja, ƙarfen da ke hannunka ba hujja ba ne, don ana sayar da irinsa a kanti. Hujja ita ce takardar umarni mai lamba da kwanan wata, wadda hedikwata ta fitar da sunanka a ciki. Ta Baba tana cikin fayil ɗin, shafi ɗaya, an buga da tafireta. Abin da ya faru a bayyane yake: mutum ya riga takardarsa isowa gida. Akawun da ya buga masa sallama ya rubuta abin da ya gani a gabansa, shi kuwa saurayi mai ɗokin ganin mahaifiyarsa ya sa hannu bai karanta ba. Wa zai tsaya gardama kan layi ɗaya a irin wannan rana?

Kashi na biyu shi ne ya ba ni mamaki, don Baba kansa bai san yana da su ba. Su ne waɗanda ake ba rukuni gaba ɗaya, ko waɗanda aka tabbatar bayan mutum ya bar aiki. A 1974 ma'aikatar sojan ƙasa ta fitar da umarni mai lamba 8 wanda ya amince da lambar jarumtaka ta gwamnatin Biyetnam ta Kudu, wato Gallantry Cross, ga rukunonin sojan ƙasa na Amurka da suka yi aiki a can. Wanda aka sallama a 1969 ta ina zai gan ta a takardarsa? Sai kuma taurari. Sojan ƙasa ya kasa yaƙin Biyetnam zango 17, kuma kowane zango da ka yi kana ƙasar ana ƙara maka ƙaramin tauraron tagulla a kan ƙyallen lambar Biyetnam. Muka ɗora kwanakin Baba a kan jadawalin. Ya tarar da ƙarshen zangon martanin Tet, wato babban harin da abokan gaba suka kai a farkon shekarar, zangon da ya ƙare 1 ga Afrilu 1968, ya yi uku na tsakiya cur, ya kuma taɓa farkon wanda ya fara 23 ga Fabrairu 1969. Biyar ke nan, kuma biyar na tagulla ana musanya su da ɗaya na azurfa. A takardarsa ko ɗaya babu. Akwai wani littafin rajista na soja, DA Pamphlet 672-3, wanda ya jera kowace bataliya da lambobin da aka ba ta da kwanakinsu. Yana intanet. In ka san bataliyar mutum da watannin da ya yi a cikinta, kai ma za ka iya dubawa a gida.

Waɗannan kashi biyu ba su da gardama. Muka rubuta wasiƙa gajera, muka jera abin da muke so a ƙara, kowace lamba da ainihin sunanta na hukuma, muka haɗa kwafin umarnin da shafin da ke nuna ranar sauka da ranar tashi. Bayan watanni amsa ta zo. Ba a sake buga DD 214 ɗin ba. Wata takarda aka aiko mai suna DD 215, wadda ke cewa a gyara layi kaza, a ƙara kaza da kaza. Tare suke tafiya daga ranar, duk inda za a miƙa ɗaya sai da ɗayar. Lambobin da kansu daga baya suka iso ta gidan waya.

Kashi na uku shi ne tabon ƙwauri. Lambar Purple Heart ana ba wanda abokan gaba suka ji wa rauni, kuma ƙa'idarta uku ce: raunin ya zo daga hannun abokan gaba, ya kai a nemi kulawar likita, kuma a rubuta kulawar a takardun hukuma. Na ukun ne ke kayar da mutane. Yadda Baba ya ba da labari, da dare aka yi musu ruwan harsashin igwa, ɓarɓashin ƙarfe ya shige shi, ma'aikacin agajin da ke tare da su ya zare, ya ɗaure, da safe aka ci gaba da tafiya. Akwai waɗanda aka kwashe a jirgi mai saukar ungulu a daren, wasu ba su kai ba. Ya ce kunya ma ba za ta bar shi ya ambaci nasa ba. Na yarda da shi ɗari bisa ɗari. Amma babu umarni, babu sunansa a jerin waɗanda aka raunata, kuma shafin fayil ɗinsa da ake rubuta raunuka fari ne fes.

Ita wannan lamba ba ado ce kawai ba. Mai ita yana shiga rukuni na uku a jerin fifiko na asibitocin 'yan mazan jiya. Shi ya sa ba a bayar da ita da labarin baki, kuma ban ga laifinsu ba. Tun 2013 akwai dokar da ta mai da ƙaryar samun irin wannan lamba don cin wani amfani laifi.

Don irin wannan, bayan an gwada ofishin lambobin yabo na sojan ƙasa da ke Fort Knox a jihar Kentaki, ƙofa ta ƙarshe ita ce hukumar gyaran takardun soja. Kowane ɓangare, ƙasa da ruwa da sama, yana da tasa, kuma fararen hula ne ke zama a kai. Fom ɗinta DD 149. Doka ta ce a nema cikin shekara uku daga ranar da aka gano kuskuren, amma ta ba hukumar damar ɗage wa'adin in adalci ya buƙaci haka, don haka tsufan magana bai isa ya hana ka rubutawa ba. Abin da ya kamata ka riƙe shi ne hukumar ba ta yi maka bincike. Tana ɗaukar abin da ke cikin fayil a matsayin daidai har sai kai ka kawo abin da ya rinjaye shi.

Sai muka shiga tono. Akwai rahoton safiya da kowane kamfani na soja ke cikewa kullum a wancan zamani, mai nuna wanda ya zo, wanda ya tafi, wanda aka kai asibiti. Shi ma yana St. Louis, amma sai ka ba da ainihin kamfani da bataliya da watan da kake nema. Na watan da Baba ya ambata ya nuna waɗanda aka kwashe a daren, wanda ya tabbatar an kai harin, amma shi da bai bar bakin aiki ba babu sunansa. A takardar gwajin lafiyar da aka yi masa kafin sallama likita ya rubuta tabo a ƙafar hagu, bai faɗi dalili ba. Ta shafin ƙungiyar tsofaffin rundunar a Facebook matata ta samo mutum ɗaya da suke tare a daren, ya rubuto shaida ya sa hannu a gaban jami'in rantsuwa. Jami'inmu ya gargaɗe mu kan shaidar: ta faɗi rana, wuri, da abin da mutumin ya gani da idonsa, ban da yabon hali. Ya kuma faɗa mana gaskiya cewa shaidar aboki ita kaɗai ba kasafai take wadatarwa ba. Asibiti suka ɗauki hoton ƙafar, aka ga ɗan ƙarfe kamar ƙwayar gero har yanzu yana kwance kusa da ƙashi, likita ya rubuta abin da ya gani.

Waɗannan huɗu muka haɗa da fom ɗin, kowanne da lamba a kusurwa, da bayani shafi ɗaya. Kwafi muka aika, asali na gida. Na tambayi Baba ko zai ƙara wani abu da bakinsa, ya ce a rubuta sunayen mutum biyun da ba su dawo ba a daren, muka rubuta.

Doka ta ɗora wa hukumar ta kammala kashi 90 cikin ɗari na ƙorafe-ƙorafe cikin wata 10, sauran kuma kada su wuce wata 18. Namu yana kan layi. Kafin amsa ta zo, mun kai DD 214 da DD 215 ofishin rajistar takardu na ƙaramar hukuma an yi musu rajista tare, kowanne daga cikin 'ya'yansa kuma ya karɓi kwafi mai hatimi.