Kayan jita na kiɗan metal a unguwar Nima ta Accra

'Yan uwa, kafin ku zuba kuɗi kan amfilifaya ku fara duba pickup ɗin jitar tukuna, wato abin da ke ɗaukar sautin tsirkiya ya kai wa amfilifaya. Ni dai humbucker nake so, wato pickup mai naɗin waya biyu, don single coil mai naɗi ɗaya da ka ƙara distortion (kaushin sautin nan na metal) sai ya kama zuzu kamar sauro, ga shi wayoyin gidajenmu a Nima ba duka ke da earth ba. Tsirkiya a samu mai kauri, in ka sauke zuwa Drop D (sassauta tsirkiya mafi kauri zuwa sautin D) ko ƙasa da haka siririya laƙwas take yi. Wutar Ghana volt 230 ce, amfilifayan Amurka kuwa 120, wallahi sai da taransifoma in ba haka ba ya ƙone. Iskar teku ma na kawo tsatsa, a riƙa goge tsirkiya bayan wasa.