Laraba, a bakin badala

Yau na raka Kawu gaisuwar mutuwa a Kabuga. Rabonsa da Kano tun kafin a hana acaɓa a 2013, don haka tun daga gadar sama ta Ƙofar Nassarawa ya fara salati. Muka ɗauki shatar adaidaita, muka bi titin BUK muna wuce ƙofofin gari: Ɗan Agundi, Na'isa, Gadon Ƙaya, Famfo, Dukawuya.

A Na'isa ya ce direba ya ɗan tsaya. Ya daɗe yana kallon ƙofar, sannan ya ce, "Wannan ai ba ita ba ce." Na ce, "Haka ne Kawu, ta ƙasar an rushe ta a 2010 da za a faɗaɗa titi, wannan sabon gini ne." Bai ce uffan ba.

Ni dai ba ƙofofin ne suka fi damuna ba, ganuwar ce. Sarki Gijimasu ne ya fara ta wajen shekara 900 da suka wuce, Muhammadu Rumfa ya faɗaɗa ta, Muhammadu Nazaki ya ƙara. Ko Turawa a 1903 sai da igwa suka samu shiga. Yau a wurare da dama sai tudun jar ƙasa da akuyoyi a kai, wani wurin ma shaguna ne reras. Ba igwa ce ta ci ta ba. Damina ta zaizaye nata, masu ɗibar ƙasar gini suka kwashi nasu, aka yanka filaye a sauran. Ga ƙofa fes da fenti, amma hagu da damanta fayau, ba abin da take tsarewa.

Direban, wani matashi ɗan Gwale, ya sa baki: "Baba, ganuwa za mu ci? Da ba a yi gadar ƙasan nan ta Gadon Ƙaya ba, da har yanzu muna cikin cunkoso." Gaskiyarsa. Garin da ya tumbatsa har Rijiyar Zaki da Ɗorayi ba zai wuce ta ƙofar da aka yi don jakuna da raƙuma ba. Amma titi ƙofa kawai yake buƙata, bai ce a sayar da badala ba.

Da la'asar aka tsuge da ruwa, titi ya zama kogi, muka tuɓe takalma. Nan Kawu ya tuna min da kududdufai. Ramukan da aka haƙi ƙasar gina gidaje da ganuwa su ne suke shanye ruwan sama. An cike da yawansu da shara, an yi gini a kai, ruwa kuwa bai manta gidansa ba.

Gobe yana son shiga Kurmi ya sayi takalman fata na tsaraba. Na ce masa ya duba da kyau, na roba 'yan Sin sun cika kasuwar.