Bambancin shokazoba da sitirot a ƙafar motar daji

Duk wanda yake ɗaukar kaya daga Kumasi zuwa ƙauyukan arewa, inda kwalta take ƙarewa a hau burji mai gargada, ya kamata ya san irin ƙafar da motarsa take da ita tun kafin ya shiga Suame Magazine neman kayan gyara.

Shokazoba ba ya ɗaukar nauyin mota, sifirin ne yake ɗauka. Aikinsa shi ne ya danne tsallen sifirin ta hanyar tilasta wa man da ke cikinsa bi ta ƙananan ramuka, domin taya ta zauna a ƙasa. Sitirot kuwa, musamman samfurin MacPherson da ke gaban motoci irin su RAV4, ya haɗa sifirin da shokazoba wuri ɗaya, sannan shi kansa ginshiƙi ne na ƙafar: shi yake riƙe saman taya, yana kuma juyawa tare da sitiyari. Shi ya sa idan an canza shi sai an sake saita tayoyi, in ba haka ba su cinye ta gefe ɗaya.

A kan hanyar daji ne wannan bambanci yake fitowa fili. Idan taya ta faɗa rami da gudu, bugun da ya zo ta gefe yana sauka kai tsaye a sandar sitirot, kuma da zarar ta lanƙwashe, tayar ta karkace ke nan, motar ta riƙa ja gefe. Land Cruiser 79 da Nissan Patrol samfurin Y61 masu sandar ƙarfe guda da ta haɗa tayoyi biyu ba su da wannan matsala, domin shokazobansu a ware yake. Ko ya mutu a tsakiyar tafiya, motar za ta yi ta rawa, amma direba zai iya lallaɓawa har inda fita, wato makaniki, yake. Hilux na 2005 zuwa yau yana tsakani, tun da sifirinsa na gaba yana naɗe ne a jikin shokazoba, amma hannuwa biyu na ƙarfe, sama da ƙasa, su suke riƙe tayar.

Akwai kuma batun zafi, wanda masu saye ba su cika kula da shi ba. Doguwar tafiya a kan gargada tana dafa man shokazoba har ya yi kumfa, ƙarfinsa ya ragu, abin da ya sa ake cusa iskar naitirojin a wasu, wasu kuma a yi musu ƙarin tulun mai a gefe.

A ganina, sitirot ya wadatar wa mai zirga-zirga tsakanin Aboabo da Kejetia a cikin garin Kumasi, saboda ba shi da nauyi kuma ba ya cin wuri. Mai lodin buhunan masara ko doya daga gona gara ya nemi mota mai shokazoba a ware, kuma idan zai canza, ya canza na dama da na hagu tare.