Motar da na gani a gareji yau

Yau na kai mota canjin mai, sai na tarar an jawo wata babbar mota mai ƙofa huɗu da ta yi karo a hanyar Kaduna zuwa Zariya. Gaban ya murƙushe kamar gwangwanin madara, bonet ya naɗe, injin ya zame ƙasa. Na riga na fara salati ina yi wa mutanen ciki addu'a, sai bakanike ya kama hannun ƙofar direba ya ja, ta buɗe sumul. Kujerun suna nan daram, jakar iska ta fito daga sitiyari tana reto, an ga farin ƙurarta a kan dashbod. Ya ce mini: "Alhaji, da ƙafarsa ya fito, bel ɗin ne kawai ya bar masa shati a kafaɗa." Wallahi sai da jikina ya yi sanyi.

Mu nan mun fi son mota mai taurin ƙarfe, alhali da gangan ake ƙera gaban ya lotse domin ya shanye bugun kafin ya iso wurin mutum. Jakar iska tana cika cikin ƙasa da ƙiftawar ido, amma ba ta da amfani sosai idan babu bel, wannan mai ratsa ƙirji da ƙugu da Volvo ta fara sa wa motocinta a 1959. Allah ne mai tsarewa, ba shakka. Abin da ke damuna shi ne motocin hannu da ake sayar mana, waɗanda jakarsu ta riga ta fashe aka liƙe murfin aka kashe fitilar gargaɗi, mu kuma muna ɗaukar 'ya'yanmu a ciki.