Asabar, ashe mace ce ta yi kiɗan Guile

Yau ban fita da wuri ba, kwana aka yi ana ruwa layinmu duk ya caɓe. Wajen sha ɗaya Abba ɗan yayata ya shigo da laftof ɗinsa wai in zo mu buga Street Fighter II, wancan tsohon dai da muke ƙarar da kuɗin tara a kansa a gidan gem. Na ɗau Guile, sojan nan cikin 'yan faɗan gem ɗin, kiɗan filin jirgin saman nan na tashi na kama binsa da baki, sai yaron nan ya ce "Kawu ka san mace ce ta yi wannan kiɗan?"

Wallahi ajiye pad ɗin na yi. Har azahar ina kan labarinta a waya.

Sunanta Yoko Shimomura, an haife ta a Hyogo ta ƙasar Japan a 1967. Fiyano ta karanta a kwalejin kiɗa ta Osaka, tana gamawa a 1988 ta kama aiki a Capcom, kamfanin da ya yi Street Fighter II, iyayenta da malamanta ba su so ba, a ganinsu wa zai yi wannan karatun ya ƙare a kiɗan gem. A 1991 gem ɗin ya fito kuma kusan duk kiɗan ciki nata ne, na Ryu, na Ken, na Chun-Li, na Blanka, kowa da ɗanɗanon ƙasarsa, ga dabarar nan da in jinin ɗan faɗanka ya kusa ƙarewa kiɗan sai ya ƙara sauri har ka ji hannunka na rawa. Amma abin da ya tsaya min a rai, a jerin sunaye na ƙarshen gem ɗin ba a sa cikakken sunanta ba, Shimo-P kawai aka rubuta, haka kamfanonin suke yi a lokacin. Duniya na rera aikinka ba a san kai ba ne.

Kuma ba ta zauna cin wannan nasarar ba fa, a 1993 ta koma wani kamfanin gem, Square, saboda kiɗan gem masu dogon labari take so, irin wanda zai ɗauki salon da ta koya a makaranta. Can ta yi kiɗan Live A Live, ta yi na Super Mario RPG a 1996, sai na Kingdom Hearts a 2002, daga nan ta fara cin gashin kanta. Ita ta yi kiɗan Final Fantasy XV na 2016, a 2025 BAFTA, ƙungiyar karrama masu fim da gem ta Ingila, ta ba ta lambar girmamawa mafi girma da suke bayarwa. Ni ƙarfin halin barin Capcom ɗin nan ya fi burge ni a kan lambar.

Bayan la'asar na leƙa situdiyon abokina, shi ke buga wa mawaƙa fiyano. Na kunna mai Dearly Beloved na Kingdom Hearts, bai ce komai ba ya jawo kujera ya fara laluben sautin da hannu ɗaya, ya kuskure ya dawo har ya kamo shi. Na ce masa kai ma waƙoƙi nawa ka yi wa kiɗa ana rawa da su a biki ba wanda ya san sunanka, ya ce "Mutumina, in dai an biya ni ai shi ke nan." Ni dai ban yarda ba, mun yi ta musu har aka kira magariba, a ƙarshe ya ce in turo mai na Guile ɗin ma ta WhatsApp.

Na tura mai yanzu. Gobe akwai ɗaurin aure a Bichi ƙarfe goma, bari in kwanta.