Dalilin da ya sa furen tumatir ke zubewa idan haske ya yi ƙaranci

Idan haske ya ragu, ganyen tumatir ba ya samar da isasshen sukari, ɗan abin da ya samu kuma sai sabbin ganyayen kan tsiro su kwashe. Fure ne ke kwana da yunwa.

Daga nan rikicin homon ke farawa, wato sinadaran da tsiro ke samarwa a jikinsa don tafiyar da girmansa, irin su oksin, etilin, saitokinin da jibarelin. A ƙarƙashin kowane fure akwai 'yar gaɓa a jikin sandarsa, nan ne yake tsinkewa. Muddin fure na da lafiya, yana turo sinadarin oksin ta wannan gaɓa, shi ke riƙe ta. Da sukari ya yi ƙasa, oksin zai ragu, gaɓar ta fara jin tasirin etilin, homon da ke sa fure zubewa, ta yi rawaya, furen ya faɗi. Kafin ma ya buɗe, ƙarancin saitokinin na tsayar da rabuwar ƙwayoyin halitta, sai hudar ta tsuke ta bushe. Jibarelin kuma na miƙar da kara, ya yi tsawo siriri. Gungun fure na farko ya fi shan wahala, musamman da zarar ya fara bayyana.

Abin da ya fi ɓata lamarin shi ne duhu tare da zafi, domin tsiron na ƙona sukarinsa da dare. A riƙe zafin dare tsakanin digiri 15 zuwa 18. A rage takin naitirojin, a cire rassan da ke tsirowa a hammatar ganye tun suna ƙanana, a ba tsirrai tazara. A girgiza gungun fure da hantsi don garin fure ya sauka, barbara ta yiwu. Fesa oksin na sa fure ya zama 'ya'ya, amma in ya yi yawa za su fito da rami a ciki.