Sallar da na yi a Houston cikin ruwan Harvey

Da niyyar yin Babbar Sallah a gidan Yayana na sauka Houston, a jihar Texas ta Amurka, ranar Talata, 22 ga Agustan 2017. Zafi mai danƙo irin na Legas ne ya tarbe ni. Kafin Alhamis, talabijin ba ta da wata magana sai ta mahaukaciyar guguwar Harvey, wadda ke ƙara ƙarfi a tekun Meksiko ta doso gaɓar Texas.

Yaya ya ce in raka shi kanti. Da na ga layin motoci a gidan mai na kwashe da dariya, na ce ashe har Amurka ana wahalar fetur. Bai ko kula ni ba. A kantin babu ruwan gora, babu burodi. Muka kwaso kifin gwangwani, biskit, batir da tocila. Kafin mu dawo matarsa ta cika bahon wanka da ruwa saboda banɗaki, ta ƙulle fasfo da takardun gida a leda, ta jona duk wayoyi a caji. Ni aka sa kwashe kujerun waje da tukwanen furanni, don iskar kan ɗauke su ta farfasa tagogi.

Daren Juma'a, 25 ga wata, guguwar ta afka wa garin Rockport, tafiyar kusan awa uku daga inda muke, da iska mai gudun sama da kilomita 200 a awa. Mu kuwa da safe ruwa kawai muka gani, irin na Agustan Kano. Har na fara cewa Turawa sun cika tsoro.

Daren Asabar na janye maganata. Guguwar ta ƙi gaba ta ƙi baya, tana ɗebo ruwa daga teku tana juye wa garin. Ni iska na zauna jira, ashe ruwan ne abin tsoro. A kwana huɗu wasu unguwanni sun sami ruwan da ya haura mita guda, fiye da abin da Kano kan samu a damina sukutum. Da asuba titinmu ya zama kogi, akwatin wasiƙun maƙwabci ya nutse.

Na ce, "Yaya, mu shiga mota mu gudu Dallas mana."

Ya ce, "Zauna, ƙane. Na taɓa gudu."

A 2005, da guguwar Rita ta doso, mutane miliyoyi suka hau titi lokaci guda. Shi da iyalinsa sun kwana a cikin cunkoso, mai ya ƙare, ga zafi. Mutum sama da 100 suka mutu a wannan gudun. Da wannan hujja magajin gari Sylvester Turner ya ƙi ba da umarnin kwashe garin a wannan karo. Yaya ya ce mai gudu tun kafin hadari yake gudu, idan hukuma ta ce a tashi. In ruwa ya riga ya rufe hanya, mota ta zama akwatin gawa. Ruwa mai gudu da bai kai gwiwa ba yana iya ɗaga ƙaramar mota, kuma a ƙarƙashin gada ba ka sanin zurfinsa sai ka shiga.

Gargaɗin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na silin. Ana ta maimaitawa a rediyo: in ruwa ya cika gida kada a ɓuya a cikin rufi sai da gatarin fasa shi, a hau saman kwano inda masu ceto za su hango mutum. Na dubi Yaya, ya nuna mini gatari a bayan ƙofa.

Da wuta ta ɗauke sai halin gida ya motsa, na jawo janareta zan tayar a gareji don kada ruwa ya taɓa shi. Matar Yaya ta daka mini tsawa. Hayaƙinsa mai kisa ba shi da wari, dole sai a waje, nesa da taga. Na sani sarai, mu da muke jin labarin iyalan da janareta ya kashe a barci, amma na manta. Ta kuma hana yara taka ruwan titi, don akwai najasa, macizai da jajayen tururuwa masu cizo da ke yawo a dunƙule.

Ruwan ya tsaya a bakin ƙofarmu, Allah ya kiyaye. Na ƙasan layi kuwa a kwalekwalen masu kamun kifi aka fitar da su. An rufe filayen jirgi, zauren taro na George R. Brown ya ɗauki mutum wajen 10,000, masallatai da dama suka buɗe ƙofa ga kowa, Musulmi da wanda ba Musulmi ba.

Sallah ta kama Juma'a, 1 ga Satumba. Na sa shaddar da na ɗinko tun daga Kano muka je idi. Da muka dawo na tuɓe ta, Yaya ya miƙo mini safar hannu da takunkumi, muka wuce gidan wata tsohuwa a ƙasan layi, muka wuni muna yaye jiƙaƙƙen kafet muna jibgewa a bakin titi.